Nasiha Game da Tokar Kwal da Haƙƙin Maƙwabci Talaka

Da sunan Allah nake farawa, gare shi nake neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karanta wannan takarda, da ku waɗanda ake karanta muku ita a zaure ko a ƙofar masallaci, ina so in ba ku labarin wani al'amari da ya auku a ƙasar Amurka, sa'an nan mu ɗora shi bisa ma'aunin shari'a mu ga nauyinsa. Kada wani ya ce ina ruwanmu da abin da ya faru a bayan teku. Mutanen da sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ku sani, kwal wani baƙin dutse ne da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, yana cin wuta kamar gawayi, amma ya fi gawayi daɗewa. Ana ƙona shi a manyan gidajen wuta, zafinsa ya tafasa ruwa, tururin ya juya inji, injin ya ba da wutar lantarki. In ya ƙone sai ya bar toka mai yawan gaske. To, mu nan in an ambaci toka ba ma jin tsoro, domin tokar da muka sani ta itace ce da ta kara. Matanmu suna tace ta su sa ruwanta a miya, suna yin sabulu da ita, manomi kuma yana kai ta gona. Tokar kwal dabam take. Allah ya halicci kwal da waɗansu ma'adinai masu guba a cikinsa kaɗan kaɗan, akwai dalma, akwai zaiba, akwai wani dafi da ake ce masa arsanik, da waɗansunsu. Wuta takan cinye baƙin dutsen, gubar kuwa da yawa daga cikinta takan saura ta taru cikin toka. In tokar ta bushe iska ta kwashe ta, ƙurarta tana da laushi har tana kaiwa can cikin huhu. In ta jiƙe, ruwa yakan jiƙo gubar ya nutse da ita cikin ƙasa har ya iske ruwan rijiya. Likitoci sun tabbatar da cewa arsanik yana jawo ciwon daji ga wanda ya daɗe yana shansa cikin ruwa, dalma kuma tana ɓata ƙwaƙwalwar yara. Aikin dalma kam ba sai an ba mu labari ba, mun gan shi a ƙasar Zamfara a shekara ta 2010, sa'ad da ƙurar dutsen zinariya da ake niƙa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Yanzu ga labarin. A jihar Tenesi akwai wani gari ana ce masa Kingston, kusa da shi akwai babban gidan wuta na wata hukumar gwamnati da ake kira TVA. Tun shekarun 1950 suke ƙona kwal a wurin, suna kwaɓa tokar da ruwa, suna tara ta a wani tafki da suka kewaye da ganuwar ƙasa, shekara bisa shekara, har tarin ya zama tudu. A daren 22 ga Disamba 2008, watau cikin ƙarshen watan Zulhajji na 1429, mutane suna barci, sai ganuwar ta fashe. Taɓon toka fiye da galan miliyan 1,000 ya kwararo, ya rufe ƙasa wajen eka 300, ya rushe gidaje, ya cika kogin Emory, ya gangara kogin Clinch. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba a wannan dare.

Hukuma ta tashi tsaye. Aka ce lalle ne a kwashe wannan toka daga cikin kogi da gaggawa, aka gudanar da aikin ƙarƙashin dokar da suka tanada domin abubuwa masu haɗari, aka kashe fiye da dala miliyan 1,000, aka sayi gidajen mutane da yawa aka biya su suka tashi. Ban ga laifi cikin wannan ba ko kaɗan. An cuce su, kuma haƙƙinsu ne a gusar musu da cuta.

Amma ya ɗan'uwa, ka tambaya, da aka kwashe ina aka kai? Akwai wani ɗan gari a jihar Alabama, cikin gundumar Perry, ana ce masa Uniontown, tsakaninsa da Kingston tafiyar fiye da mil 300 ce. Mutanensa ba su kai 3,000 ba, wajen kashi 90 cikin 100 baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da aka sa noman auduga a wannan ƙasa, kuma gundumarsu tana cikin mafiya talauci a jihar duka. Gundumar da aka kwaso tokar daga cikinta kuwa, fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanenta Turawa ne. A gefen Uniontown akwai wani babban juji na kamfani mai suna Arrowhead, wanda aka ba izinin karɓar shara daga jihohi fiye da 30. Daga shekara ta 2009 zuwa 2010 jirgin ƙasa ya yi ta jigila, tarago bayan tarago, har aka jibge wajen tan miliyan 4 na wannan toka a wurin, kusa da gidajen mutane, kusa kuma da wata tsohuwar maƙabarta inda kakanninsu suke kwance.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Sa'ad da tokar take Tenesi, ana aiki da ita bisa dokar abu mai haɗari. Da ta sauka Alabama sai aka karɓe ta bisa dokar sharar gida, kamar ɓawon gyaɗa da tsummoki. Alhali kuwa babu abin da ya ragu daga gubarta a cikin tarago. Abin da ya sāke shi ne mutanen da ke zaune kusa da ita.

Mutanen garin suka yi kuka. Suka ce ƙura tana sauka bisa gidajensu da motocinsu, wari ya hana su zama a ƙofar gida da maraice, suna fama da ciwon kai da haɓo da wahalar numfashi, waɗansu sun bar cin abin da suka shuka a bayan gida domin tsoro. Kamfani ya musa, ya ce yana bin doka. Shugabannin gunduma kuwa, cikinsu har da 'yan'uwansu baƙaƙe, waɗansu sun yi maraba da abin tun farko, domin ana biyan gunduma wajen dala guda a kan kowane tan, ga kuma alkawarin aikin yi. A shekara ta 2013 mutanen suka kai ƙara gaban hukumar kare muhalli ta ƙasar, suka ce an nuna musu bambancin launi wajen ba jujin izini. A shekara ta 2016 masu jujin suka kai mutum huɗu daga cikin masu kukan nan gaban kotu, suna neman dala miliyan 30 wai an ɓata musu suna. Ka dubi wannan, ana neman dala miliyan 30 a hannun talakan da ya ce ƙura ta dame shi. Lauyoyin kare haƙƙin jama'a suka tsaya musu, aka janye ƙarar a 2017. A cikin 2016 ɗin nan kuma hukumar da ke duba haƙƙin 'yan ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoto, ta zargi hukumar muhalli da sakaci game da ƙararrakin irin waɗannan garuruwa. Duk da haka a watan Maris 2018 hukumar muhalli ta rufe ƙarar mutanen Uniontown, ta ce hujja ba ta isa ba.

Akwai kuma waɗansu talakawa da bai kamata a manta da su ba, su ne leburori da direbobi ɗaruruwa da aka ɗauka aikin kwashe tokar a Kingston. Da yawa cikinsu sun yi shaida gaban kotu cewa an hana su abin rufe hanci, an ce musu tokar ba ta cutarwa. Bayan shekaru suka shiga kamuwa da cututtukan huhu da ciwon daji, gommai suka mutu. A watan Nuwamba 2018 masu taya alƙali yanke hukunci a birnin Knoxville suka tabbatar da cewa kamfanin da aka ba kwangilar bai tsare haƙƙin kare lafiyarsu ba, sa'an nan aka yi sulhu a 2023. Mafi yawan waɗannan Turawa ne. Na ambace su domin ku gane cewa rauni shi ne ƙofar da wannan zalunci yake shiga, launin fata kuwa a wannan ƙasa yana ƙara wa rauni rauni.

Wannan shi ne labarin. Yanzu sai hukunci, kuma zan kawo shi mas'ala mas'ala yadda muka saba a karatu.

Mas'ala ta farko, asalin shari'a shi ne ba a cutar da maƙwabci, kuma cutar da aka ƙago gusar da ita ake yi. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi bayani filla-filla cewa wanda ya zo ya gina tanderu ko gidan wanka da hayaƙinsa ke shiga gidan maƙwabci, ko ya buɗe wurin jima da warinsa ke damun mutanen da ya tarar, hana shi ake yi, ko da a cikin mulkinsa ya gina. Sun kuma sanya wa rijiya hurumi, ba a haƙa masai inda zai ɓata ruwanta. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tsoratar da mu game da yin bayan gida a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa. In ƙazantar mutum guda ta kai a tsoratar a kanta haka, yaya tan miliyan 4?

Mas'ala ta biyu, idan wani ya ce ai an biya kuɗi, kuma shugabanninsu sun yarda, sai mu ce masa wa aka biya, wa kuma ya yarda? Kuɗi ya shiga baitulmalin gunduma, ƙura ta shiga ɗakin tsohuwar da ke zaune daura da juji. Shugaba wakili ne, aikinsa bisa talakawa an ɗaure shi da maslaharsu, ba shi da ikon sayar da lafiyar wani, balle ta jaririn da ba a haifa ba tukuna. Sa'an nan malamai sun yi magana mai tsawo game da cinikin wanda aka matsa wa, ba su ɗauke shi daidai da cinikin mai zaɓi ba. Garin da ba shi da aikin yi, ba shi da abin gyara makaranta da hanya, in an zo masa da kuɗi a hannun dama da guba a hannun hagu, amsarsa ta yunwa ce. Kuma kuɗin yakan ƙare cikin 'yan shekaru, arsanik kuwa ba ya ruɓewa, yana nan inda aka binne shi bayan mai sayarwa da mai saye duka sun shiga kabari.

Mas'ala ta uku, idan wani ya ce doka ta ƙasar ba ta kira wannan toka abu mai haɗari ba, sai mu ce gaskiya ne, har a shekara ta 2015 da gwamnatin Amurka ta fitar da dokar tokar kwal ta farko ta ƙasa baki ɗaya, ba ta sa ta cikin jerin shara mai haɗari ba. Amma kowane almajirin fiƙihu ya san hukunci yana bin haƙiƙar abu ne, ba ya bin sunan da aka laƙaba masa. Giya in an sāke mata suna aka zuba ta cikin tulun fura ba ta halatta. Huhun yaro bai san abin da aka rubuta a takardar izini ba.

Mas'ala ta huɗu, idan wani ya ce tilas ne a zuba ta a wani wuri, kuma juji mai shimfiɗar roba a ƙarƙashinsa ya fi barinta cikin kogi, sai mu ce wannan magana tana da ƙarfi, ba na raina ta. Lalle ba a barin guba cikin kogi, kuma jujin nan an yi masa shimfiɗa. Amma ƙa'idar malamai ita ce wanda ya ci amfanin abu shi ke ɗaukar nauyinsa. Shekara 50 ana ƙona kwal a Kingston, masana'antu da birane suna shan hasken, da ranar biya ta zo sai aka nemi wanda ba shi da bakin ƙi. Da a ce sau ɗaya abin ya faru sai mu ce tsautsayi ne. To, ba sau ɗaya ba ne. A shekara ta 1982 a gundumar Warren ta jihar Karolina ta Arewa, inda baƙaƙe suka fi yawa, an kawo ƙasa mai guba za a binne, mutane suka kwanta bisa hanya gaban manyan motoci, aka kama fiye da 500. A shekara ta 1987 wata majami'ar Kirista ta ƙasar ta sa aka yi bincike, aka tarar launin fatar mazauna wuri shi ne babban abin da ke nuna inda ake kafa jujin guba. In ka ga ruwa kullum gefe guda yake gangarawa, ka san nan ne ƙasa ta yi kwari.

Mas'ala ta biyar, idan wani ya ce ai mai ƙara shi ke kawo hujja, su kuwa an ce hujjarsu ba ta isa ba, sai mu ce haka ne, hujja tana kan mai ƙara. Amma alƙalan Musulunci ba su kasance suna barin talaka shi kaɗai da wannan nauyi ba cikin shari'ar cuta tsakanin maƙwabta. Sukan aiki masana su je su duba da idonsu su kawo bayani. Ibnu Rami, wani magini na birnin Tunis da ya rubuta littafi kan hukunce-hukuncen gini, shi kansa alƙalai sukan aike shi irin wannan aiki. Gubar da ba a gani da ido, sai da na'ura da kuɗi mai yawa, in ka ce wa matalauci ya kawo hujjarta da kansa, ka rufe masa ƙofar shari'a ke nan tun bai shiga ba.

To, ya ku 'yan'uwa, me ya shafe mu? Kwal ba baƙo ba ne a ƙasashenmu. Ana haƙarsa a Maiganga ta ƙasar Akko cikin jihar Gwambe, ana ƙona shi wajen yin siminti. Ana haƙarsa a Anu Araren cikin yankin Agadas a ƙasar Nijar, ana ƙona shi a ba da lantarki. Kuma duk ƙasar da ke da kwal tana cikin duhu, za a zo mata da maganar gidan wuta ko ba daɗe ko ba jima. Ni ba na cikin masu cewa a ƙi lantarki, asibiti yana bukatarsa, makaranta tana bukatarsa, mai sana'a yana bukatarsa. Abin da nake cewa, in wannan ya faru a ƙasar da ke da kotuna da jaridu da lauyoyi masu tsayawa kyauta, yaya zai kasance ga ƙauyen da ba shi da ko ɗaya?

Saboda haka nake yi wa sarakuna da hakimai da dagatai nasiha, ku ji tsoron Allah cikin ƙasar da aka ba ku amana. In an zo neman fili domin haƙar kwal ko ƙona shi, kafin a yi maganar diyya ku tambaya ina za a kai tokar, me za a shimfiɗa a ƙarƙashinta, da me za a rufe ta, nawa ne tsakaninta da rijiya mafi kusa, wa zai ɗauki nauyinta in kamfani ya tashi. Ku sa a auna ruwan rijiyoyi tun ba a fara aiki ba, a rubuta, a ajiye takardar a hannun jama'a, domin in ruwa ya ɓaci daga baya kada a ce da ma haka yake. Kada a ƙulla magana a cikin ɗaki. A tara waɗanda gidajensu suka fi kusa, a ji kuma ta bakin mata, su ne masu ɗiban ruwa, su ne masu jinyar yara.

Nasiha ga 'yan'uwana malamai. Mun iya bayanin ruwan da ya halatta a yi alwala da shi, mun san hukuncinsa in launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya sāke, muna karantar da wannan tun daga littattafan farko. Bai dace ba mu ƙware wajen ruwan buta mu yi shiru game da ruwan rijiyar gari. Tsare rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo domin kiyaye su. Malamin da aka kai wa goro domin ya yi addu'ar buɗe wurin da zai cuci mutane, ya yi bai tambaya ba, yana da rabonsa na alhaki.

Nasiha ga talakawa. Kada ku ɗebi tokar kwal ku kai gona, ko ku cike rami da ita a tsakar gida, ko ku bar yara suna wasa a kanta, ko da kyauta aka ba ku. A wani gari da ake ce wa Pines a jihar Indiyana an binne ta a juji, an kuma yi ciko da ita a hanyoyi da filayen gidaje, daga baya aka tarar rijiyoyin garin sun gurɓata. In kun ga cuta ku haɗa kai, ku rubuta ranar da abin ya fara da sunan wanda ya kamu, ku kai kuka da ladabi da gaskiya, ba ƙari ba ragi. Mutum huɗu na Uniontown ba su da dukiya, amma da suka ƙi yin shiru duniya ta ji.

Daga ƙarshe ina yi wa kaina da ku gargaɗi, kada mu zagi mutanen Amurka alhali muna aikata ƙaramin abin da suka aikata. Kowa ya dubi garinsu, a unguwar wa ake jibge shara, ƙofar wa kwatar mai hali take bi, wa ke kwana kusa da juji in an cinna masa wuta. Wanda ya share ƙofar gidansa ya tura dattin ƙofar marayu, shi da mai taragon nan aikinsu iri ɗaya ne, yawa ne kaɗai ya bambanta su. Ranar da za a tsaya gaban Allah ba za a tambayi mutum takardar izini ba, za a tambaye shi maƙwabcinsa.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta, ya tsare mu daga cin haƙƙin raunana, ya shiryi shugabanninmu, ya ba waɗanda aka zalunta mafita a duk inda suke. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararsa. Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai karanta ba.

Wassalamu.